Rijiyar Kailani

Duk wanda ya taso a Tudun Wada kafin zuwan burtsatse ya san Malam Sabo mai haƙar rijiya, ko da bai san sunansa ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, kullum da naɗin igiya a wuya da dagi a hannu. Gidaje da yawa a unguwar shi ya fito musu da ruwa, waɗanda bai haƙa ba kuma shi ke yashe su in rani ya yi nisa. Ba mai yawan magana ba ne. Masu aiki a ƙarƙashin ƙasa haka suke, sun fi sabawa da sauraro, domin rami yakan yi magana kafin ya rufta, kuma ba ya maimaitawa.

Amma ba a Tudun Wada aka yanke masa cibi ba. A wancan zamanin, in ka fita gari ta gabas ka nufi wajen kogin Galma, 'yan tungaye za ka yi ta tararwa a warwatse cikin gonaki, kowace da 'yan gidajenta da rumbuna da turken awaki. Mutum ne zai ga gonarsa ta yi masa nisa da gari, sai ya kafa bukka a bakinta don damina. Wata shekara ya ƙi komawa. Ya kira ƙaninsa, ya kira mai haƙa, in an sami ruwa shi ke nan, wuri ya zama wuri. Sunan kuwa ba wanda ke zama ya raɗa shi. Masu wucewa ne ke raɗawa da abin da idonsu ya fara gani. Inda maƙera suka sauka, Tungar Maƙera. Inda wata tsohuwa ke dama fura a gindin tsamiya, Tsamiyar Rakiya, har bayan ita Rakiyar ta rasu, jikokinta sun yi furfura. Akwai Gidan Lawal, akwai Fadamar Biri, akwai Kufan Barebari, inda aka ce wasu fatake sun zauna sun tashi tun kafin Turawa. In ka iya jera sunayen nan ka iya tarihin wurin, don ba shi da wani tarihin bayan su.

Tungar su Sabo ana kiranta Rijiyar Kailani. Kailani kakan mahaifinsa ne, shi ya haƙa ta da hannunsa, rijiya mai zurfi mai daɗin ruwa, wadda Fulani kan ratse hanya don su shayar a gefenta. Sana'ar a gidan ta zauna tun daga nan.

Sabo yana saurayi aka yi shekarun fari. Gero ya ƙone a tsaye, guga ya fara dawowa da laka. Samari suka gudu cikin gari neman lebura, tsofaffi suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har tungayen suka zama kufai. To, mutanen wurin suna da wata al'ada: ba a binne rijiyar da aka sha. Cika ta da ƙasa butulci ne a wurinsu, kuma wa ya sani, ko wata rana a dawo. Sai dai a rufe ta. A sare bakinta zuwa ƙugun mutum, a jera azara a gicciye, a shimfiɗa zana, a zuba yumɓu a daddaɓe, a mayar da ƙasa har ta yi daidai da gona, yadda garma za ta bi ta kai ba ta sani ba. Sannan a kafa reshen bishiyar aduruku ta gabas da bakin, ya zama shaida. Aduruku ba ya mutuwa da sauƙi, shi ya sa aka zaɓe shi.

Sabo da mahaifinsa su suka bi tungayen suna wannan aiki, har suka zo kan tasu. Da suka gama, tsohon yana wanke hannu ya ce, "Azara tana da rai, amma ba ta fi mutum tsawon kwana ba. Kafin ta gaji za mu dawo mu buɗe."

Ba su dawo ba. Tsohon ya rasu a ɗakin haya a Tudun Wada. Gonakin aka yi ta nomawa daga gari, a kan keke, daga baya magada suka sayar, wanda ya saya ya sayar, har aka rasa wa ke da ina. Sabo ya auri Atika, ya yi 'ya'ya, ya yi ta shiga ramin mutane yana fita. Da injin burtsatse ya shigo gari aiki ya ja baya, shi ma ƙarfi ya ja baya, sai ya koma zama a ƙofar gida yana tufka igiya yana sayarwa. Zancen rijiyoyin da ya rufe yakan faɗo masa jefi-jefi, musamman in an yi ruwa mai nauyi. Sai ya ce a ransa, ai daji ne, wa zai je can.

Gari kuwa shi ya je.

Autarsa Surayya tana auren Mujahid, wani tela mai shago a unguwar Kongo, yaro mai ladabi wanda bai taɓa tsayawa a tsaye ya gaishe shi ba. Da Allah ya hore musu suka sami fili a wata sabuwar unguwa da ake ce wa Sabon Fegi, can gabas. Mujahid ya ji cewa dangin matarsa daga wannan nahiyar suke, don haka kafin ya sa a haƙa tushe ya zo ya durƙusa.

"Baba, in ba za a takura muku ba, da kun je kun gano mana wurin. Kun fi mu sanin ƙasa."

Suka hau keke napep. Tun a hanya Sabo ya fara jin wani iri. Yana neman kukar da ya sani, babu. Yana neman tsamiyar Rakiya, babu ko kututturenta. Katafila ta bi ta shafe komai, tudu da kwari sun zama ɗaya, ko'ina bulo ne da kwano da turakun lantarki. Mutumin da aka haifa a nan ya zauna kamar baƙon da aka sauke a wata ƙasa. Can sai mai keken ya rage gudu a inda kwalta ta ƙare, kusa da wata taransifoma, ya ɗaga murya.

"Rijiyar Kailani! Akwai mai sauka?"

Rabon Sabo da jin sunan nan a bakin wani tun yana da baƙin gashi. Ya sauka ya tsaya yana kallon wurin, ga shagon mai shayi, ga masallacin kwano. Ashe nan ne. Ashe suna bai mutu ba. Ya ji kamar an miƙo masa hannu a cikin duhu, ya kama.

Daga nan suka taka zuwa filin, tafiya mai ɗan nisa, suna ƙara yin gabas. Sabo yana tafe yana auna wa a ransa: in rijiya tana can baya, to wannan nisan ya kai mutum gonar Gidan Lawal, ƙasar marmara, inda ba a taɓa haƙa komai ba don tauri. Ya zaga filin, ya soka dagi nan da can, ya ji ƙasa ta amsa da ƙarfi.

"Ku gina," ya ce. "Nan ƙasa ce mai ƙashi."

Suka gina, ɗaki biyu da ɗan falo da madafi. Mujahid ya sa tayil fari a ɗakin yara, don 'yarsu Sumaiya ta ce irin na gidan ƙawarta take so. Suka tare. Sabo bai cika zuwa ba, ba a san suruki da zarya gidan 'yarsa ba. Atika ce ke zuwa ta dawo da labari.

Damina ta uku da tarewarsu Sumaiya ta kwanta zazzaɓi, sai ya shirya ya je dubiya. Ya dace da keken Nagoda, ɗan maƙwabcinsa, wanda Sabo ne ya yashe rijiyar gidansu ranar sunansa. An sha ruwa kwana da kwanaki, sama ta yi nauyi kamar za ta taɓa kwano. Suna tafe Sabo ya hango taransifoma, ya fara tattara rigarsa. Nagoda ya wuce ta bai ko waiwaya ba.

"Kai Nagoda, ka wuce."

"Ina na wuce, Baba?"

"Rijiyar Kailani. Ga ta can baya."

"Haba Baba, wannan ai tsohon zance ne. Nan yanzu Taransifoma ake ce masa. Rijiyar Kailani sai ƙarshen kwalta, kuma bara aka ƙara kwaltar."

"Wuri tafiya yake yi?"

"Wuri ba ya tafiya, amma suna yana bin kwalta," in ji Nagoda, yana kauce wa wani rami. "Maigidana da ya koya mini tuƙi ya ce da can a bakin gada ake sauke masu zuwa can, su ƙarasa da ƙafa, to nan ake kira da sunan. Kwalta ta matsa, mu ma muka matsa. Inda muka juya nan ne sunan."

Sabo ya ce, "To ita rijiyar tana ina?"

Nagoda ya kwashe da dariya. "Au, dama akwai rijiya da gaske?"

Sabo ya kama ƙarfen keken da hannu biyu. A duniyar da ya sani, suna turke ne, inda aka kafa shi nan yake tsayawa, ko mai shi ya mutu, ko bishiyar ta faɗi. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ana cire shi a ɗora a keke ba. A kan wannan turken ya auna filin 'yarsa. In taransifoma ba ita ce wurin ba, in masu zuwa rijiyar daga can suke ƙara takawa gabas, to shi da Mujahid ranar nan ina suka taka suka je?

Surayya ta tarbe shi da murna, ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Sumaiya ta ji sauƙi, ta fito tana jan zani, ƙaninta Adnan yana biye da ita.

"Mijin nawa, sai yau? Na kusa mutuwa ba ka zo ba. Na sake ka," in ji Sumaiya.

"Wa zai karɓi saki daga mai wuya kamar na zakara?" ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. Amma idonsa ba ya kanta. Yana kan ƙofar ɗakin yaran, wadda sai da yarinyar ta sa kafaɗa kafin ta buɗe. Yana kan wani siririn layi da ya taso daga ƙasan taga ya nufi sama, kamar an ja gashi a jikin fenti.

Ya ce zai zaga. A bayan ɗakin, ta gabas, daf da gindin bango, wani tsiro ya fito, ganyensa kore shar, dogaye masu sheƙi. Ya durƙusa ya tona gindinsa da yatsa. Ba daga iri ya fito ba. Daga wani tsohon kututture ne mai kauri, wanda katafila ta yanke ta binne.

"Wannan abin ya ishe ni, Baba," in ji Surayya daga bayansa. "Na sare shi ya fi a ƙirga. Har baƙin mai baban Sumaiya ya zuba masa, ya sake fitowa. Amma wurin yana da daɗin wanki, duk ruwan da ka zubar nan take yake shanyewa."

Aduruku ne.

Ya jira Mujahid ya dawo bayan la'asar, suka zauna a dakalin ƙofar gida, shi a sama, yaron a ƙasa. Ya faɗa masa komai, da azara, da zana, da maganar Nagoda. Mujahid ya saurara kansa a sunkuye. Da ya ɗago, fuskarsa ta nuna tausayi, kuma wannan ya fi gardama ciwo.

"Allah ya ƙara girma, Baba. Amma ai ku kuka duba mana wurin."

"Ni ne. Na yi kuskure."

"Aduruku kuma, na ga kamar da shi ake shingen gona ko'ina a nan."

"Haka ne."

"To kun tabbata wannan na rijiya ne, ba na shinge ba?"

Sabo bai tabbata ba. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai. Ya shiga ɗakin ya ƙwanƙwasa tayil da gindin dagi, ya kwanta ya kafa kunne, amma ciko da siminti sun toshe muryar ƙasa. Ba abin da ya ji sai bugun jininsa.

"A fasa daɓen a duba," ya ce.

"In sha Allahu, da kaka. Yanzu in aka fasa ruwa zai shige mana ƙarƙashin gini. Na nuna wa magini tsagar nan, ya ce zama ne gini ke yi, kowane sabon gida yana yi."

"To a fitar da yaran daga ɗakin."

"Za a fitar, Baba."

An fitar ɗin. Amma ɗakin iyayen ƙarami ne, ga gado, ga keken ɗinki, ga buhunan kayan mutane. Falo kuwa yana yoyo. Bayan 'yan kwanaki Atika ta je ta dawo, tana kwance ɗaurin kallabi ta ce, "Jikokinka suna gaishe ka. Sun koma ɗakinsu, wai Adnan shure-shure yake yi wa mutane." Ta faɗe shi kamar labarin farashin barkono.

Daga ranar abinci ya daina wuce masa. In hadari ya haɗo sai ya fito ya tsaya yana kallon gabas. Yana ganin azarar a idonsa, shi ya ɗauko ta a kafaɗa, ya san kaurinta. Yana ganin yadda danshi ke cin ta daga ƙasa, shekara bisa shekara, yanzu kuma ga nauyin ciko da siminti a kanta, ga ruwan wanki, ga damina. Ya sake aika wa Mujahid, aka dawo masa da gaisuwa da lemo. Ya gane cewa maganarsa ta farko ta cinye ta biyu. Wanda ya ce a gina dattijo ne masani. Wanda ya ce a fasa tsoho ne da ruɗu ya fara kamawa.

Wata safiya ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta da igiya.

"Ina zuwa?" in ji Atika.

"Gidan Surayya. Zan ɗan zauna can."

"Ka yini?"

"In zauna."

Ta ajiye muciya. "Malam, lafiyarka kuwa? A gidan surukinka? Ka ci tuwonsa, ka shiga bayinsa, ya fito da safe ya gan ka da buta? Ina aka taɓa yi? Kana da gidanka, kana da 'ya'ya maza. So kake a ce mun kore ka, ko so kake a yi da yarinyar nan a unguwa?"

"A yi da ita tana da 'ya'yanta ya fi."

"Wallahi da bakin Tudun Wada gara ramin."

"Ba ki taɓa shiga ba," ya ce, ya fita.

Ya san abin da yake yi. Mujahid zai iya ƙin fasa daɓe, amma ba zai iya ce wa uban matarsa ya koma ba. Kuma ba za a ajiye suruki a falo mai yoyo ba, ba za a haɗa shi da yara ba. Ɗaki ɗaya ne ya rage. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce ƙirjinsa ke damunsa, hayaƙin cikin gari ya yi masa yawa, yana son iskar bayan gari zuwa kaka. A rayuwarsa bai taɓa roƙon masauki ba. Surayya ta dube shi, ta dubi igiyar, ta gane, idonta ya kawo ruwa, ta juya ta fara kwashe katifar yara.

Zaman bai yi wa kowa daɗi ba. Mujahid ya koma fita tun da sassafe, ya daina cin abinci a gida. Maƙwabta suna gaishe shi da "Baba, ya jiki?" suna haɗa ido. Labari ya kai Tudun Wada, 'ya'yansa maza suka zo ɗaukarsa, ya ƙi. Shi kuwa ya kafa doka ɗaya: ba yaron da zai tsallaka ƙofar ɗakin. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa. Kuma duk sanda zai kwanta, sai ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ɗaurin masu haƙa, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen taga. Haka mahaifinsa ya koya masa, ba a zama a bakin rami ba igiya, ko ramin naka ne.

Sumaiya takan tsaya a ƙofa tana leƙe.

"Mijina ya zama akuya. In kawo maka dusa?"

"Kawo. Ta fi tuwonki."

"In ka tsinke ka shiga gonar mutane ba ruwana."

Yakan yi dariya, amma kunnensa yana ƙasa. Kwanaki suka yi ta tafiya, ruwa yana zuba, ba abin da ya faru. Tsagar bango ta ɗan ƙara baki, ko kuwa idonsa ne. Ya fara tambayar kansa ko da gaske ruɗun ne. Wataƙila adurukun na shinge ne. Wataƙila ya zubar da girmansa, ya raba miji da tuwon gidansa, ya sa 'yarsa a bakin duniya, duk a kan wani kututture. Ya fara tunanin ranar Juma'a zai naɗe tabarmarsa.

Ranar Laraba aka wayi gari da ruwa, irin mai sauka a hankali ba ya ɗaukewa. Bayan azahar yana kishingiɗe, igiya a ƙugu, sai ya ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Ya ɗaga kai. Ƙas. Tayil ɗin tsakiyar ɗaki ya tsage, ya ɗan nutsa. Sannan wani wari ya taso, sanyi-sanyi, na laka da tsohon ruwan da bai ga rana ba. Ya san warin nan kamar yadda ya san warin ɗakin mahaifiyarsa.

Daidai nan Sumaiya ta turo ƙofa da kofin kunu, ƙafarta ɗaya ta riga ta shigo.

"Fita!"

Bai taɓa daka mata tsawa ba. Ta firgita, kofin ya suɓuce, ta ja da baya tana kuka. Kofin ya gangara zuwa tsakiyar ɗaki, shi kaɗai, kamar ana jansa. Sabo ya yunƙura zai tashi, sai ƙasa ta bar ƙarƙashinsa.

Ba ƙara mai yawa aka yi ba, in ji maƙwabta. Kamar an sauke babban buhu ne. Igiyar ta fizge shi, ta maka shi da gefen ramin, wani abu ya karye a ƙugunsa, wani a haƙarƙarinsa. Ya tsaya yana reto. Tabarma da buta da fararen tayil suka wuce shi suka yi ƙasa, aka ɗan jima, sannan ya ji sun faɗa ruwa. Ya duba. Can ƙasa, nesa, wani ɗan haske yana rawa. Rijiyar da suka bari tana ba da laka ta cika. Guntun azara yana maƙale kusa da fuskarsa, ya taɓa shi, ya marmashe a hannunsa kamar dafaffen rogo.

Ihun Surayya ya tara mutane. Maza suka kama igiyar ta taga suna ja, wasu suka kwanta a bakin ƙofa suka miƙa hannu, har aka fito da shi. Yana kwance a tsakar gida ruwa yana dukan fuskarsa, bakinsa yana motsi. Surayya ta sunkuya. Cewa yake, "Ina Adnan? Ina yarinyar?" Aka kawo su ya taɓa kawunansu, sannan ya yarda ya suma.

Mujahid ya iso a guje daga Kongo, da tef ɗin awo a wuyansa. Ya leƙa ɗakin. Inda katifar yara take a da, nan ne tsakiyar ramin. Ya zauna a cikin taɓo, ya kasa tashi.

Malam Sabo bai sake takawa ba. Ƙashin ƙugun bai haɗu daidai ba. Yana kwance yanzu a zaurensa a Tudun Wada, Atika tana juya shi, ba ta kuma sake ambaton bakin mutane ba. Bayan an sallamo shi daga asibiti Mujahid ya zo ya durƙusa, ya ce mutanen unguwa sun ce a cike ramin, amma ya ce sai ya tambaya, tunda ta kakanninsu ce.

Tsohon ya rufe ido. Wataƙila mahaifinsa ya tuna, yana wanke hannu.

"Ku cike ta," ya ce. "Da dutse da marmara, har wuya. Ba mai dawowa."

Aka yi ta kawo tifa tana juyewa, rijiyar tana haɗiyewa, sai da aka fara fid da rai kafin ta ƙoshi. An rushe ɗakin. Su Surayya suna zaune a ragowar gidan, kuma har yau Sumaiya ba ta yarda ta taka tayil ba takalmi.

Amma ba wannan ke hana Malam Sabo sakewa ba. Rijiyar Kailani ɗaya ce cikin waɗanda suka rufe. Ya sa an gaya wa mai unguwar Sabon Fegi, an yi sanarwa a masallatai ranar Juma'a. Mutane suka zo zaurensa, hankali a tashe, kowa yana son a ce masa ba gidansa ba ne. Ya jera musu sunayen: Tungar Maƙera, Tsamiyar Rakiya, Fadamar Biri, Kufan Barebari mai rijiya biyu. Suka ce, to ina ne? Ya ce Tungar Maƙera tana arewa da kuka. Wace kuka? Ya ce Fadamar Biri tana inda rafi ya karya. An sa wa rafin kwalbati, an yi gini a kai. Wasu suka koma suka duba bayan ɗakunansu ko za su ga aduruku. Wasu suka gani, suka sare, suka yi shiru, don kada gida ya yi baƙin jini. Da kaka ta yi, zancen ya lafa.

Nagoda yakan leƙo ya gaishe shi. Kwanan baya ya ce, "Baba, ka san an yi wa layin su Surayya suna? Gidan Rami. Kowa haka yake cewa yanzu."

"A ƙofar gidan kuke sauke su?"

"A'a, hanyar ta lalace, keke ba ya shiga. A bakin kwalbati muke tsayawa, nan muke kira."

Malam Sabo ya juya fuskarsa wajen ƙofar zaure, inda ake hango gefen sama. Bazara ta shigo, gabas ta fara yin baƙi. Ya sa hannu ya laluba igiyar da ke gefen shimfiɗarsa, ya riƙe.